Botar roba da botar takarda: wacce ta fi shafuwa a burodi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin tambaya ko botar nan ta cikin roba, wadda ake cewa tana da taushi ko daga firigo aka fiddo ta, da gaske ta fi botar da ake naɗewa a takarda sauƙin shafawa, ko kuwa daɗin bakin ƴan talla ne don a ƙara mana kuɗi. Na daɗe ina yin kek na biki da na suna a nan Damagaram, kuma kullum da safe ni ke shafa wa yara huɗu burodi kafin su tafi makaranta, saboda haka duka biyun sun sha ratsa hannuna.

Tana shafuwa, wannan ba ƙarya ba ne. Wata safiya cikin hunturu na fiddo su tare daga firigo, na tsaga dogon burodin nan namu. Ta takarda kamar sabulu take, wuƙa tana ɓantaro ta gutsi-gutsi, in kin matsa sai cikin burodin ya yage ya dunƙule wuri ɗaya. Ta roba kuwa wuƙa ta shige ta ba gardama, ta bi burodin sumul har gefe. Sai dai na bar su a kan tire na je haɗa shayi, kafin in dawo, kamar minti 20, bambancin ya ragu ƙwarai. A watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko minti 5 ba a yi ta takarda ta saki jiki. Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe: botar roba ta fi amfani ne ga mutanen ƙasashen sanyi, waɗanda ko a waje suka ajiye bota tana iya wuni da tauri. Mu nan rana ce ke yi mana wannan aikin kyauta, wata tara ko goma a shekara.

Dalilin taurin ba wani abin ɓoye ba ne. Bota ta gaske kitsen madara ce, kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari, sauran ruwa ne da ɗan abin da ya rage na madara. A sanyin firigo, wajen digiri 4 ko 5, babban ɓangaren kitsen yana daskarewa. Tana fara daɗin shafawa ne in ta kai wajen digiri 15 zuwa 20, ta narke gaba ɗaya tsakanin 32 da 35. To ki duba, ɗakin girkinmu a bazara ya wuce inda take narkewa ma.

Masu yin ta roba hanya biyu suke bi, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wasu suna gauraya botar da man tsirrai wanda ba ya daskarewa a sanyi, galibi man kolza, wani tsiro da ake matse mai daga ƙwayarsa. Lurpak ta ƙasar Danmak haka take yin tata mai taushi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu man kolza ne. Wasu kuma, musamman kamfanonin Faransa irin su Président da Elle & Vire, ba sa zuba man komai, kirim ɗin suke sarrafawa da ɗumi da sanyi har kitsen ya fito da laushi. Ita ce za ki ga an rubuta mata «beurre tendre». Wannan ta fi ɗanɗanon bota sosai, amma ba ta kai mai man kolza taushi ba, in firigonki na da sanyi da yawa sai kin ɗan jira ta.

Akwai kuma ta uku wadda ba bota ba ce sam, ko da yake a kanti da wurin mai shayi duk bota muke ce mata. Blue Band da Jadida margarin ne, man tsirrai ne aka daskarar, tun 1869 aka ƙirƙiro irinsa a Faransa don ya maye gurbin bota mai tsada. Ba na kushe shi, yana da ranarsa, kuma ya fi jure zafinmu nesa ba kusa ba. Amma in kin biya kuɗin bota, ki tabbata bota aka ba ki. Ki juya robar ki karanta bayanta. In kin ga «huile végétale» ko «matière grasse à tartiner», akwai man tsirrai a ciki, kome girman hoton saniyar da ke kan murfin.

Inda ta roba ta fi ba ni haushi shi ne in an ɗauke wuta. Da bazarar bara mun wuni babu wuta, firigo ya huce, da na buɗe robar da yamma mai ya taso sama, ruwa-ruwa ya kwanta ƙasa. Da wuta ta dawo ta sake daskarewa, amma ba ta koma yadda take ba, ta zama tsaki-tsaki a harshe, yara suka ƙi ta. Ta takarda ma ta yi laushi a ranar, sai dai ta riƙe siffarta, ta dawo daidai. Kuma ki tuna tafiyar da kayan nan ke yi kafin su iso Zinder, daga bakin teku zuwa nan a mota. In kin buɗe sabuwar roba kin ga ta karkace gefe ɗaya ko ta manne da murfi, ta taɓa narkewa a hanya ko a kanti, ki mayar.

Wajen kek kuwa, don Allah kada ki yi amfani da mai man kolza. Na taɓa yi sau ɗaya da ta takarda ta yanke mini ana gobe suna. In ana buga bota da sukari, kitsen nan mai ɗan tauri shi ke riƙe iska, iskar ce ke sa kek ya tashi ya yi laushi. Mai ruwa-ruwa ba ya riƙewa. Kek ɗin ya fito da nauyi, ƙasansa da maiƙo, sai da na sake wani cikin dare. Biskit ma bajewa yake yi a tire.

Akwai kuma man shanunmu na Fulani, wanda asalinsu ɗaya da bota, daga nono ake kaɗe shi. Ki lura da na damina, ya fi ruwan ƙwai a ido kuma ya fi laushi, saboda shanun ɗanyar ciyawa suke ci. Na rani ya fi fari da tauri. Ni dai soya shi nake da albasa in zuba a kwalba don tuwo da miyar kuka, yana wata da watanni ba ruwansa da firigo. A burodi ƙamshin nonon yana yi wa yarana yawa.

Yanzu ta takarda kawai nake saye. Ranar da na kawo ta, nakan yanka ta ƙanana kamar girman ƙwallon dabino, in zuba a roba mai murfi. Da asuba in na tashi salla sai in fiddo guda uku ko huɗu in rufe a faranti, kafin ruwan shayi ya tafasa sun yi daidai. In hunturu ya tsananta a Disamba da Janairu, sai in zuba ruwan zafi a kofin tangaran, in zubar, in kife shi a kansu na ƴan mintuna. In kuma lallai kina son mai taushin nan, ki bar bota giram 250 ta saki, ki buga ta da cokali 4 ko 5 na man girki marar ƙamshi da ɗan gishiri, ki sa a firigo. Ban da man gyaɗa, ƙamshinsa yana danne na botar, kuma shi kansa kauri yake yi a sanyi. Rabin bota nake haɗawa a lokaci guda, wanda za mu cinye cikin mako.