Amsa kan Leslie Van Houten da zamanta a gidan yari

Malama, kin tambaya ko wanda ya yi kisa da umarnin shugaban ƙungiyar asiri zai iya shiryuwa a gidan yari, kin kuma kawo misalin Leslie Van Houten. Na yi shekaru ina koyar da fursunoni karatu a matsayin ɗan sa-kai, kuma kusan duk wanda na zauna da shi yakan fara ne da cewa sa shi aka yi. Wanda ya kafe a kan wannan maganar, ko shekara ashirin ya yi a ɗaure, ban taɓa ganin ya gusa daga inda yake ba.

Van Houten tana da shekara 19 lokacin da ta bi mutanen Charles Manson, shugaban ƙungiyar asirin da take ciki, gidan Leno da Rosemary LaBianca a Los Angeles, a watan Agustan 1969, kuma da bakinta ta amsa cewa ta caccaka wa Rosemary wuƙa fiye da sau goma. An yanke mata hukuncin kisa a 1971, sai kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta soke irin wannan hukuncin a 1972. Daga baya aka sake shari'arta saboda lauyanta ya ɓace ana tsakiyar ta farko, a 1978 kuma aka yi mata ɗaurin rai-da-rai.

Ta yi digiri biyu tana tsare, amma ni wannan bai cika burge ni ba, domin na ga masu takardar shaida da zuciyarsu ke nan yadda take. Abin da ya ja hankalina shi ne, a gaban kwamitin da ke duba sakin fursunoni bisa sharaɗi ta daina fakewa da Manson da ƙwayar LSD, ta ɗauki laifin a matsayin nata. Sau biyar kwamitin ya amince a sake ta tun daga 2016, gwamnoni Jerry Brown da Gavin Newsom suna hanawa, har kotun ɗaukaka ƙara ta shiga tsakani aka sake ta a watan Yulin 2023, tana da shekara 73.

A ganina ta shiryu. Sai dai dangin LaBianca sun yi adawa da sakinta har ƙarshe, kuma da a gabansu nake, Malama, ba na jin zan iya buɗe baki in faɗa musu haka.