Kati bai riski Kannywood ba

Malam, ka tambaya ko tsofaffin katunan wasiƙa masu hoto sun nuna wuraren shirya fim a Kano, kamar na Amurka. Kada ka wahalar da kanka. Su can tun 1915 aka buɗe Universal City, babban wurin shirya fim, ana buga hoton ƙofar situdiyo a kati, baƙo ya aika gida. Mu kuwa Turawa hoton dalar gyaɗa suka ɗauka, da marinar Ƙofar Mata, da ganuwa. Fim ɗinmu na bidiyo sai 1990, da Turmin Danya, lokacin yayin kati ya wuce.

Gara ka nemi fastar sinimar Plaza ko El Dorado, ko kwalin kaset. Akwai kwali ɗaya a akwatina, gara ta cinye gefensa, amma fuskar jarumar na nan daram.