Tambayi Gwaggo: Malt ɗin gida a cikin jaka, da inda ya rabu da burkutu

Salamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu guda suka taru, wato haɗa malt a gida tun daga ƙwayar hatsi, don haka na zaɓo huɗu daga ciki, sauran ku duba nan za ku ga amsarku insha Allahu.

TAMBAYA: Gwaggo ina wuni, ya zahi. Don Allah wani bidiyo nig gani a waya, wasu turawa sunka zuba hatsi cikin wata hwarar jaka sunka tsoma ta cikin ƙatuwar tukunya, da sunka ɗaga sai ga ruwa jawur kamar malt. Ni dai so nike in gwada ma yara tunda kuɗin katan ɗin malt yanzu ya hi ƙarhina, amma maigida yace in ruhwa mai asiri wai giya ce suka dahwawa. Mi ag gaskiya?
Maman 'yan biyu, Mabera

AMSA: Lafiya lau 'yata, zafi kam sai addu'a. Maigidanki bai yi ƙarya ba, waɗannan mutanen giya suke nufin yi. Dabarar jakar ma daga masu dafa giyar gida na Ostireliya ta yaɗu bayan shekarar 2000, don da can sai mutum ya tanadi tukwane har 3, ɗaya ta ruwan zafi ɗaya ta jiƙo ɗaya ta tafasawa, sai suka ga ai in aka sa hatsin a jaka tukunya ɗaya ta isa, ka gama ka ɗaga jakarka kawai. Amma fa ruwan da kika ga ya fito daga jakar nan ba giya ba ne tukuna, ruwan zaƙi ne na hatsi zalla. Sai sun bar shi ya huce sun zuba masa yis sun rufe sati ɗaya ko biyu, yis ɗin ya cinye zaƙin, sannan yake zama abin maye. Mu a nan muke sauka, ba yis ba ajiya.

Kuma malt ɗin kanti da kike saya ta wannan hanyar ya biyo. Maltina tun 1976 take kasuwa, lokacin da sha'ir ake shigowa da shi daga waje, sai a 1988 gwamnati ta hana shigo da malt ɗin sha'ir, wato sha'ir da aka tsirar aka busar, dole kamfanoni suka koma kan dawa da masara, har irin kaura da aka inganta a cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ya samu shiga sosai. Kin ga kenan dawar da ke rumbun Baffanki ita ce dai.

To ga yadda za ki yi, kuma ki fara da kilo 1 kacal kar ki ɗauko tiya biyar ranar farko. Ki samu dawa mai kyau ta bana wadda ƙwari ba su huda ba kuma ba wadda aka zuba wa maganin ajiya ko maganin shuka ba, ki tambayi mai hatsin tsakani da Allah. Ki wanke, duk wadda ta taso sama ki kwashe, ki jiƙa kwana ɗaya kina canza ruwan kamar sau 3 don kar ya yi tsami. Sai ki tsane ki baza a kan tsaftataccen buhun algarara mai danshi ki rufa wani a sama, a ɗaki mai sanyi, kina yayyafa ruwa kina juyawa safe da yamma. Dawa tafi son zafin digiri 25 zuwa 30 wajen tsiro, shi yasa lokacin hunturu yafi daɗin wannan aikin, a watan Afrilu kuwa da Sakkwato ke haura 40 sai kin ƙara yayyafi da rana kuma kar ki tara ta da kauri don tana dumama kanta. Kwana 4 zuwa 5 za ki ga saiwa ta fito ta sarƙe. Ki shanya a rana har sai ƙwayar ta bushe ƙarau tana karyewa a haƙori.

Nan ki buɗe kunne da kyau. Saiwar nan da ɗan tsiron da ya fito sai kin murje su tas da hannu kin sheƙe, saboda tsiron dawa yana da guba irin wadda ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci, ita ce dalilin da yasa makiyaya ba su barin shanu su faɗa wa gyauron dawa. Abin da kika sheƙe ɗin ma kar ki ba awaki. In kuma kika ga hatsin ya yi furfura baƙa ko kore ko yana warin ruɓa, zubarwa za ki yi, kar ki ce ai zan tafasa, dafin furfurar hatsi tafasa ba ta kashe shi.

Sai inji. Ki ce ma yaron ɓarzawa zai yi ba niƙa ba, in ya maida miki gari jakar toshewa za ta yi ki wuni kina matsa. Jakar kuwa ki sa tela ya ɗinka miki da farin yadin boyel mara ado ko kyallen tatar koko mai ƙarfi, ta yi faɗin da za ta shige tukunyar bakinta ya naɗo waje, ɗinki biyu don jiƙaƙƙen hatsi nauyi gare shi. Banda buhun taki banda na siminti don Allah. Ki kife ɗan faranti a gindin tukunya don kar jakar ta taɓa ƙarfe ta ƙone. Ruwa lita 4 zuwa 5 ga kowane kilo. Yadda ake sarrafa zafin yana cikin amsa ta gaba, nan ne duk aikin yake. In zaƙi ya fito ki ɗaga jaka ki bari ta tsiyaye, ki matse da murfin tukunya ba da hannu ba, sai ki tafasa ruwan minti 30 ko fi da 'yar citta da kanumfari in kina so. Dusar da ta rage a jaka ita kam ki ba kaji ko awaki ranar, kar ta kwana.

Maigida kuma ki zaunar da shi ki nuna masa wannan, in ya ce a'a to ki haƙura, malt bai kai a yi rigima a kansa ba.

TAMBAYA: Gwaggo na bi komi daki daki, na tsirar da dawa na ɓarza na sa a jaka na ɗora a wuta yat tafasa sosai kusan awa guda, amma abin da na samu koko ne wallahi, kauri kitif ba zaƙi ko kaɗan, jakar ma ta ƙi tsiyaya. Ina kuskuren yake?
Wata ɗaliba, Runjin Sambo

AMSA: Tafasawar nan ita ce kuskuren. Lokacin da hatsi ke tsiro yana samar da wasu sinadarai da aikinsu shi ne su farfasa sitaci su maida shi sukari don ɗan tsiron ya ci, su muke bauta wa kwana 5 ɗin nan, ba saiwar ba. Kuma suna aiki ne tsakanin digiri 60 zuwa 72, da zafi ya kusa 80 sun mutu murus. Ke kin kai su 100. Sitacin ya dahu ya kumbura babu mai narkar da shi, ai dole ki ga koko.

Turawan da ke amfani da sha'ir abin ya zo musu da sauƙi, sitacin sha'ir yana buɗewa a zafin da sinadaran ke aiki, sai su tsaida ruwa a wajen 66 na awa ɗaya shikenan. Dawa ba haka take ba, sitacinta ba ya sakin jiki sai zafi ya haura 70 har zuwa kusan 80, wato daidai inda sinadaran ke mutuwa, ga shi kuma wanda yafi bada zaƙin a cikinsu dama kaɗan ne a dawa. Shi yasa in kika kwafi bidiyonsu kai tsaye da dawa sai ki samu ruwa salam.

Maganin abin kuwa iyayenmu masu kunun zaƙi sun daɗe da shi ba tare da kowa ya karanta musu ba. Ba kin ga suna raba ƙullu biyu ba, su dama kaso babba da tafasasshen ruwa, su bari ya sha iska, sannan su zuba ɗanyen da aka niƙa da tsiron shinkafa ko busasshen dankali, kafin wani lokaci kaurin ya tsinke zaƙi ya fito? To shi za ki yi. Ki zuba ɓarzajjen hatsinki a ruwa mai sanyi ki motsa ki bari kamar awa ɗaya ya kwanta, ki tsiyaye ruwan saman nan a roba mai murfi ki ajiye gefe, sinadaran suna cikinsa. Kaurin da ya rage ki ƙara masa ruwa ki dafa a wata tukunya kina juyawa har ya yi kauri ya dahu, ki juye a jakar, ki bari ya sauko wajen 70, sai ki maida ruwan nan da kika ajiye ki juya sosai, zai faɗo kusan 65. Ki kashe wuta ki rufe ki naɗe tukunyar da bargo, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in ya sauka ƙasa da 60 ki ɗan kunna wuta kaɗan kina juyawa. Da idonki za ki ga ya tsinke.

Ni a ganina ki tsirar da alkama ko da kashi ɗaya cikin huɗu ki haɗa a wannan matakin na ƙarshe, alkama tana da wancan sinadarin mai bada zaƙi da ya yi ƙaranci a dawa kuma ba wahalar samu take ba a kasuwa, zaƙin ba a haɗa su. Sannan ki sayi ma'aunin zafi na girki, na asibiti ba zai yi ba don iyakarsa 42. Masu cewa su da yatsa suke ganewa, to Allah ya ba da sa'a, ni dai ban yarda yatsa ya san bambancin 65 da 75 ba. In kina son tabbatarwa ki ɗebi cokali ɗaya na ruwan a farin faranti ki ɗiga aidin na wanke ciwo, in ya koma baƙi-baƙi shuɗi akwai sauran sitaci ki ƙara lokaci, in bai canza ba ya yi. Wannan cokalin zubarwa ake yi ba a maidawa tukunya.

TAMBAYA: Hajiya Gwaggo barka da aiki. Nawa ya yi daɗi ƙwarai, na ɗura a gorunan ruwa na sa firij, sai wuta tat tahi kwana biyu. Yanzu gorunan sun kumbura tam, in na buɗe sai ya yi tsiii da kumfa, ɗanɗanon ya ɗan yi tsami. Ƙanena yace ai gas ne irin na kanti. In sha? Kuma ina da niyyar in fara saidawa.
Wani mai shago, Gawon Nama

AMSA: Ɗana zubar da shi, kuma ka buɗe gorunan a hankali a waje, kar ka sa fuska. Gas ɗin kanti da inji ake ɗura shi bayan an gama komai. Naka kuwa yis ɗin da ke yawo a iska da jikin gora ne ya samu ruwan zaƙi ga ɗumi ya fara aiki, kuma duk inda yis ya ci sukari abu biyu yake fitarwa tare, iskar nan da ka ji da kuma sinadarin maye. Burkutu ma ai haka ake yinta, tsiron dawa ne aka dafa aka bari ya tashi. Don haka kumfa da tsiii da tsami alama ce ya kama hanya, ko da bai kai ya bugar ba.

Akwai hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a shayar ko a zubar. Hukuncin dalla-dalla na malamai ne ka je ka tambaye su, ni abin da zan ce ta ɓangaren girki shi ne a zafin garin nan kar ka jira kwana 3, abin da ba ya cikin sanyi a shanye shi a ranar. Wanda ke firij mai wuta tsayayya kwana 2 zuwa 3, in wuta ta tafi ya huce to lissafi ya koma na yini ɗaya.

Maganar saidawa, ka yi irin na masu kunu da zoɓo, ka dafa da safe daidai abin da zai ƙare, ka sanyaya da wuri ta hanyar tsoma tukunyar a baho mai ruwan sanyi kana canzawa, ka ɗura a sababbin goruna ba waɗanda yara suka tsinto ba, ka sa a kula da ƙanƙara. Kar ka yarda wani ya ce ka dafa kwalaben a ruwa ka jera a kan kantar shago wata guda, wannan ruwan ba shi da tsamin da zai kare shi kuma akwai ƙwayoyin cuta da tafasar gida ba ta kashewa. Ranar da ka kai ga son lakabi da ajiya mai tsawo, wannan maganar kayan aiki ce da rajistar NAFDAC.

TAMBAYA: Gwaggo nawa fari-fari ya fito ba kamar na kanti ba. Kuma tunda ban sa sukari ba, Baba mai ciwon suga zai iya sha?
Amarya, Wamakko

AMSA: Launin kanti yawanci ƙonannen sukari ne. Ki ɗebi kamar hannu biyu na busasshen tsironki ki soya a kasko ba mai, wuta kaɗan, har ya yi ja ya fara ƙamshi, kar ya yi baƙi don zai yi ɗaci, ki ɓarza ki haɗa da sauran. Wanda aka soya ba ya narkar da sitaci kuma, launi da ƙamshi kawai yake badawa, don haka kar ya wuce kashi ɗaya cikin goma. In kina son ya riƙa tsiii a baki ki sirka da ruwan soda lokacin sha.

Baba kuwa a'a. Zaƙin da kika ji sukari ne, daga sitaci ya fito maimakon daga leda, kuma yana hawar da sugan jini da sauri. Kar ki ba shi sai likitansa ya yarda ya faɗi adadi.