Ƙararrawar TIM ta tsayar mana da layi: shin in kashe ta?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Mun haɗa layin faiba na STM-16 (wani matakin gudu a tsarin sadarwa na SDH) tsakanin na'urori biyu na kamfanoni daban-daban. Haske yana isowa lafiya, amma mashigar ɓangarenmu tana nuna HP-TIM, wato ƙararrawar da ke cewa sunan hanyar da ya iso ya saɓa da wanda ake sa rai, kuma bayanai sun ƙi wucewa. Abokin aikina ya ce in kashe binciken TIM kawai a huta, ni kuwa ina tsoron kada in ɓata wani abu.

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka yana kan hanya. Kafin ka taɓa komai, buɗe saitin mashigar ka jera abubuwa uku na J1, wato bait ɗin da ke ɗauke da sunan hanyar: abin da kuke aikawa, abin da kuke sa ran karɓa, da abin da yake isowa. Idan sunan ɗaya ne a ido amma ƙararrawar ta ƙi sauka, to duba tsari. A SDH, bisa ƙa'idar G.707, saƙon J1 yawanci bait 16 ne, na farko yana ɗauke da CRC-7 (lambar gano kuskure), saura haruffa 15, alhali tsarin SONET (takwaran SDH) mai bait 64 yana ƙarewa da CR da LF, alamomin ƙarshen layin rubutu. Haka kuma wata na'urar tana cike gurbin da ya rage da sifili, wata da tazara, wanda ba za ka gane ba sai ka karanta saƙon a lambobin heks, waɗanda ke nuna ainihin ƙimar kowane bait. Babban harafi da ƙarami ma ba ɗaya ba ne a wurinta.

Sai shawarar abokin aikinka, wadda nake ji kusan kullum har ta gundure ni. Mutane sun ɗauka cewa muddin haske ya iso kuma babu LOS (ƙararrawar ɗaukewar sigina), to haɗin daidai ne. Haske ba ya faɗin daga ina ya taso. Ma'aikaci zai iya musanya wayoyin faiba biyu a allon haɗi, ko a yi kuskure wajen saita mahaɗar VC-4 (ƙunshin da ke ɗauke da bayanan abokin ciniki), firam, wato jerin bait da ake aikowa, ya ci gaba da zuwa tsaf, B3, bait mai gano kuskure a hanya, bai ƙirga kuskure ko ɗaya ba, amma bayanan wani abokin ciniki suna shiga na'urar wani. J1 ne shaidar da take tona wannan, shi ya sa na'ura kan tura AIS (siginar gargaɗi a madadin bayanai) gaba, ta mayar da RDI (sanarwar matsala ga mai aikowa) baya idan sunan ya saɓa. Tsayar da layin da gangan ne. Wanda ya kashe binciken ya cire wa kansa ido ne. Mafi muni shi ne mai kwafe sunan da yake isowa ya liƙa a gurbin wanda ake sa rai, ba tare da ya tambayi ɗaya ɓangaren ba, domin ya sa hannu ne a kan kuskuren da bai bincika ba.

Idan aiki ya matsa, yawancin na'urori suna ba ka damar dakatar da tura AIS kaɗai, ƙararrawar tana nan a kunne. Yi haka na ɗan lokaci, ka kira takwaranka na can ku amince da suna ɗaya da tsari ɗaya, kowa ya karanta wa ɗan'uwansa abin da yake karɓa harafi bayan harafi, sannan ka mayar da AIS ɗin.