Yadda za ki mayar da 2 da 6/8 zuwa 11/4

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce an ba yaronki aikin gida ya mayar da 2 da 6/8 ta zama lambar sama da ta ƙasa kawai, kuma a rage ta.

Ni da kankana nake koya wa nawa. Kowace kankana an yanka ta gida 8, to guda 2 cikakku yanka 16 ke nan, ga kuma yanka 6 a gefe, duka 22, sai a rubuta 22/8. Wato 2 sau 8, a tara da 6, ta ƙasan kuma tana nan yadda take. Ragewa kuma sai a raba sama da ƙasa da 2, ya zama 11/4.

Inda yara suke yawan faɗuwa shi ne su yi 2 sau 6 maimakon sau 8, ko su raba ta sama su manta ta ƙasa, wallahi na sha ganin 11/8 a littafin ɗana.

In kin ga lissafin sau ne bai zauna masa ba, don Allah ki samu malamin lissafinsu ku yi magana, daga can matsalar take.