Tambaya da Amsa: Ware Kusurwoyin Fili Mara Daidaiton Siffa a Manhajar Taswira

Tambaya: Ina aiki da taswirar filaye a manhajar QGIS, kuma iyakokinsu duk a karkace suke. Da na nemi manhajar ta fitar mini da kusurwoyinsu, sai ta ba ni ɗaruruwan ɗigo, mafi yawansu a tsakiyar miƙaƙƙen layi. Yaya zan ware kusurwoyi na ainihi?

Amsa: Malam, umarnin da ka yi amfani da shi, wato Extract vertices, yana fitar da duk wani ɗigo da aka danna a lokacin zana iyaka, domin a wurin kwamfuta fili jerin ɗigo ne kawai da aka haɗa da layuka. Saboda haka kai ne za ka gaya mata abin da kake kira kusurwa.

Kafin komai, ka mayar da taswirar daga tsarin WGS 84, wanda yake awo da digiri, zuwa shiyyar da filayen suke ciki a tsarin UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya, inda awo yake da mita, domin tsawon digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma yana raguwa yayin da ake nisantar layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu, kuma hakan yana gurɓata lissafin kwana. Daga nan sai ka lissafa alkiblar layin da ya shigo kowane ɗigo da ta wanda ya fita daga gare shi, ka ɗauki bambancinsu. Idan bambancin ya kusa sifili, ɗigon yana kan miƙaƙƙen layi ne, sai a cire shi. A ganina, bambancin digiri 15 ko 20 ya isa a fara gwaji da shi a matsayin mafi ƙarancin da za a kira kusurwa, amma iyakar da ta bi gaɓar kogi za ta buƙaci a duba ta da ido.

Akwai kuma hanyar sauƙaƙa layi da Douglas da Peucker suka wallafa a 1973, wadda take zubar da ɗigon da bai kauce wa layi fiye da tazarar da aka ƙayyade ba. Tana da sauri, sai dai tana iya haɗiye ƙaramar kusurwa mai muhimmanci, don haka ban yarda a dogara da ita kaɗai ba wajen filin da ake shari'a a kansa.

Ka kuma lura cewa ɗigon farko yana maimaituwa a ƙarshen jerin domin a rufe zagayen iyakar filin, sai ka share ɗaya kafin ka ƙirga.