Wane ne Snieszko, kuma me ya haɗa shi da mutuwar tarwadata?

Tambaya: Salamu alaikum, Likita. Ina kiwon tarwada a tankin siminti a wani ƙauye kusa da Ringim. Da hunturu ya shigo sai kifin suka fara gyambo a jiki, gashin bakinsu ya yi fari, kullum ina tsintar matattu. Na zuba magani ba sau ɗaya ba, abin bai tsaya ba. Malamin gona ya ce in nemi labarin wani Bature mai suna Snieszko. Wane ne shi, kuma me zai amfane ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Malamin gonar nan ya san aikinsa.

An haifi Stanislas Snieszko a ƙasar Polan a 1902, ya kuma yi karatun ƙwayoyin cuta a birnin Krakow. A 1938 shi da abokan aikinsa suka wallafa gwajin yi wa wani kifin kiwo da ake kira kaf (carp) rigakafi, wanda ake lissafawa cikin na farko a duniya, sai dai da yake da harshen ƙasarsu aka rubuta, ya daɗe bai bazu ba. Ya koma Amurka a 1939, kuma daga 1946 ya kama aiki a Leetown, jihar West Virginia, inda ya shugabanci ɗakin binciken cututtukan kifi har 1972. Ya rasu a 1984. Har yau ƙungiyar masana kifi ta Amurka tana ba da lambar yabo da sunansa.

Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne, mutumin magani ne. Yana cikin waɗanda suka gwada magungunan salfa, wato wasu magungunan yaƙar bakteriya, a kan wata cutar gyambo da ke kashe kifin ruwan sanyi a gidajen ƙyanƙyasa, suka daidaita yadda ake cuɗa su da abinci. Amma bayan shekaru yana kallon cuta tana tafiya tana dawowa, a 1974 ya rubuta maƙalar da ta fi duk ayyukansa tasiri. Ya zana da'ira uku masu shiga juna: kifin, ƙwayar cutar, da muhallin da suke ciki. Sai inda ukun suka haɗu cuta ke ɓarkewa. Kamar duwatsun murhu ne, ka janye ɗaya tukunya ba ta zama.

To, mu dawo tankinka. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma alamun da ka faɗa sun yi kama da aikin bakteriyar Aeromonas, dangin wadda Snieszko ya yi fama da ita. Wannan ƙwaya kusan kullum tana cikin ruwa, har a tankin da kifinsa ke ƙalau. Abin tambaya shi ne me ya raunana kifinka har ta samu ƙofa.

Tarwada tana son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Da sanyin asubar hunturu irin namu na Jigawa, ruwan tankin siminti yana sauka ƙasa da haka sosai, sai cin abincinta ya ragu, garkuwar jikinta ta yi rauni. Mai kiwo kuwa yana ci gaba da watsa abinci kamar da. Ragowar ta nutse ta ruɓe, ta haɗu da kashin kifi, amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, ta taru. Sa hannu ka shafo ƙasan tankin ka sansana. In ka ji yauƙi da wari, ka ga inda matsalar take. Tarwada tana yaudarar mutane domin tana iya shaƙar iska a sama, sai a ɗauka kowane ruwa ya ishe ta. Tana jurewa ne kawai, fatarta na lalacewa. In ka ga sun tsaya ƙiƙam, kai sama, sun galabaita.

Ka dakatar da abinci na kwana ɗaya ko biyu, yunwar ba za ta kashe su ba. In ka dawo da shi, rage, kuma ka bayar da rana bayan ruwa ya yi ɗumi. Riƙa sauya wani ɓangare na ruwan a hankali, kada ka zubar duka lokaci guda. Rufe tankin da tampol da dare, ka bar wurin shigar iska. In sun yi cunkoso, raba su, amma a tausashe, domin kamun garaje yana ƙuje fata. Matattu kuma a binne su nesa.

Maganin da kake zubawa yana damuna ƙwarai. In ba a gano ƙwayar ba, kuɗi ne ke tafiya, ƙwayar tana sabawa da maganin, ragowarsa kuma tana shiga cikin mutanen da za su ci kifin. Ka ɗauki kifi biyu ko uku marasa lafiya da ransu, da ruwan tankin a gora daban, ka kai wa likitan dabbobi. In abin ya fi ƙarfinsa, zai iya tura samfurin asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. In ya rubuta magani, ka tambaye shi kwana nawa za ka jira kafin ka kai kifin kasuwa.